Idan an nuna maka wariyar launin fata a wurin aiki a Birtaniya: matakan da za ka bi

Tun da Birtaniya ta buɗe bizar masu kula da tsofaffi da marasa lafiya a watan Fabrairun 2022, 'yan Najeriya da 'yan Ghana suka yi ta kwarara can, kuma namu ba su zauna a baya ba. Akwai nas-nas a asibitocin gwamnati na NHS, akwai masu aiki a gidajen tsofaffi, akwai masu gadi, ga ɗalibai da ke ɗan taɓa aikin sito don biyan kuɗin haya. Koke-koken da ke fitowa daga bakinsu kusan iri ɗaya ne: dutin dare kullum a kan baƙaƙe yake faɗawa, ana kwaikwayon yadda mutum ke Turanci ana dariya, an ƙi koyon sunansa an laƙaba masa wani, wanda ya koya wa aiki jiya shi aka ɗora a kansa yau. In ya kai kuka wurin manya, amsar ba ta wuce "a yi haƙuri, ba ƙasarmu ba ce." Haƙuri abu ne mai kyau, sai dai dokar ƙasar ta ba ka wata uku ne, a cire kwana ɗaya, ka fara matakin kai ƙara, kuma ba ta jiran sai zuciyarka ta yi sanyi. Mutane da yawa masu gaskiya a hannu a nan suke faɗuwa, tun kafin alƙali ya ji abin da aka yi musu.

Dokar da ake magana ita ce Equality Act ta 2010, wadda ta maye gurbin dokar hulɗar jinsuna ta 1976. Tana aiki a Ingila da Wels da Sikotland. Arewacin Ireland na da tata dokar daban ta 1997 da nata hukumomin, don haka wanda ke Belfast ya nemi bayani a wurin hukumar daidaito ta can.

Mataki na ɗaya: ka san sunan abin da aka yi maka

Ba kowane rashin mutunci ne doka ta kira wariya ba. Manaja na iya zama mugu ga kowa, fari da baƙi, kuma wannan dokar ba ta kama shi ba. Abin da take nema shi ne a nuna cewa an yi maka abin saboda jinsinka, ko kuma abin na da alaƙa da shi. Sashe na 9 ya ce jinsi ya haɗa da launin fata, da ƙasar da kake ɗauke da fasfonta, da asalin ƙabila ko ƙasar da ka fito. Addini ma yana cikin abubuwa tara da dokar ta kare, amma a matsayin abu mai zaman kansa. Idan abin da ake yi maka ya haɗa da gori a kan gemu, ko hijabi, ko fita sallar Juma'a, to ka ambaci addini da jinsi duka biyu a duk takardar da za ka rubuta.

Laifukan iri huɗu ne. Na farko wariya kai tsaye, sashe na 13: an fifita wani a kanka saboda kai baƙi ne ko ɗan Najeriya, a wajen ɗauka aiki, ƙarin girma, rabon duti, horo ko kora. Wannan ba ta da uzuri. Ba ruwan doka da ko wanda ya yi maka shi ma baƙi ne. Sashe na 24 ya faɗi haka ƙarara. Ɗan ƙasarku mai kamfani da ke ba 'yan ƙabilarsa sa'o'i masu yawa ya bar ka da ragowa bai tsira ba don kun fito ƙasa ɗaya.

Na biyu wariya a fakaice, sashe na 19: ƙa'ida ce da aka shimfiɗa wa kowa amma ta fi danne mutanen wani jinsi, misali a ce sai mai takardar shaidar karatu ta Birtaniya kaɗai za a duba. A nan kamfani na da damar kare kansa idan ya nuna yana da dalili na halal kuma ƙa'idar ba ta wuce gona da iri ba.

Na uku cin zarafi, sashe na 26, kuma shi ne ya fi sauƙin kafawa domin ba sai ka kawo wani ka gwada kanka da shi ba. Abin da ake dubawa: an yi maka abin da ba ka so, yana da alaƙa da jinsi, kuma ya zubar maka da mutunci ko ya mai da wurin aikin wurin tsoro, ƙiyayya ko wulaƙanci. "Wasa nake yi" ba kariya ba ce, domin doka na kallon tasirin abin ko da babu niyya. Alƙali zai duba yadda kai ka ji, da yanayin da abin ya faru, da kuma ko mai hankali zai yarda abin ya kai ya ɓata rai haka. Kalma ɗaya mai muni na iya isa. A 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta harkokin ƙwadago ta tabbatar cewa maganganu a kan karin harshen mutum na iya zama cin zarafi mai alaƙa da jinsi. Kuma ba sai da kai ake ba: in ana zagin 'yan Afirka a gabanka kullum a ɗakin shan shayi, kana da ta cewa.

Na huɗu bi-ta-da-ƙulli, sashe na 27: ka yi ƙorafin wariya, ko ka tsaya wa wani shaida, sai aka fara rage maka sa'o'i, ko aka tono maka laifin da aka daɗe da mantawa. Wannan laifi ne mai zaman kansa, kuma kana iya cin nasara a kansa ko da ƙorafinka na farko bai tabbata ba, muddin ba ƙarya ka shirya da gangan ba.

Kariyar tana farawa tun ranar da ka nemi aikin. Babu zancen sai ka shekara kaza, kamar yadda yake a ƙarar kora ba bisa ƙa'ida ba. Ta shafi mai aikin dindindin, da wanda ejansi ta turo, da wanda ba a yanka masa sa'o'i ba, da ɗalibi mai aikin sa'a 20 a mako.

Inda biza ta shigo

Wannan wurin yana buƙatar natsuwa, domin shari'o'i biyu na Kotun Ƙolin Birtaniya da suka shata iyakar duk a kan 'yan Najeriya aka yi su.

A shari'ar Hounga da Allen ta 2014, yarinya ce aka kawo daga Najeriya da takardun da ba na gaskiya ba, ta yi aikin gida ba albashi, ana dukanta, daga ƙarshe aka kore ta. Waɗanda ta yi wa aikin suka ce ai ba ta da izinin aiki, don haka ba ta da bakin ƙara. Kotun ta ce a'a, rashin takardu bai hana ta ƙarar wariya a kan korar ba.

Bayan shekara biyu, a 2016, aka yanke shari'ar Taiwo da Onu. Mata biyu ne masu bizar aikin gida, an ƙwace musu fasfo, ana sa su aiki ba hutu, ana biyansu abin da bai taka kara ya karya ba. Sun ci nasara a kan haƙƙoƙin albashi, amma Kotun Ƙoli ta ce abin da aka yi musu ba wariyar jinsi ba ce, domin an zalunce su ne saboda raunin matsayinsu na biza, kuma matsayin biza ba ya cikin abubuwan da dokar ta lissafa. A ganina wannan giɓi ne babba, tunda wanda ke kan biza ai baƙo ne, amma haka dokar take.

Abin da wannan ke nufi gare ka: in manaja ya ce "ka yi shiru ko in soke maka sifonsa," wato ɗaukar nauyin bizarka, wannan kaɗai ba zai ɗauki ƙarar wariya ba, ko da yake yana iya shiga ƙarƙashin dokokin albashi ko dokar bautar zamani ta 2015. In kuwa ya ce "ku 'yan Afirka haka kuke, ba ku da godiya," ko ya zamana 'yan wata ƙasa masu irin bizarka ba a yi musu abin da ake maka, to ga igiyar da ta ɗaure abin da jinsi. Shi ya sa ainihin kalmomin da aka furta suke da tsada.

Mataki na biyu: ka fara rubutawa yau

Ka sami littafi, ko ka riƙa aika wa kanka saƙon imel daga adireshinka na kanka, ba na wurin aiki ba, domin ranar da aka dakatar da kai za a rufe wancan. Imel ya fi, saboda yana ɗauke da rana da lokaci da ba wanda zai ce daga baya ka ƙirƙira. Kowane abu ka rubuta shi a ranar da ya faru, kamar haka:

"Talata, 4 ga Maris, ƙarfe 7:40 na safe, ɗakin miƙa duti. Ina karanta rahoton dare, shugabar duti ta katse ni ta maimaita maganata da irin muryata, ta ce a samo mai fassara. Mutum uku na wurin, biyu sun yi dariya, ɗaya ta sunkuyar da kai. Na ce mata ban ji daɗi ba. Ta ce wasa ne. Ban iya cin abinci ba ranar."

Ka sa sunayen waɗanda ke wurin, ka rubuta kalmomin da Turancin da aka faɗe su, kada ka gyara kuma kada ka ƙara gishiri. Lauyan kamfani zai bi littafin nan layi-layi, ƙari ɗaya ya kama zai shafa wa sauran baƙin fenti. Ka adana jadawalin duti na kowane mako, da takardun albashi, da kwantiraginka, da littafin ƙa'idojin ma'aikata, da hotunan saƙonnin WhatsApp na rukunin wurin aiki kafin a cire ka.

Abu biyu ka kiyaye. Kada ka ɗauki hoto ko kwafin bayanan majinyata ko tsofaffin da kake kula da su, ko da a ciki hujjarka take. Wannan kaɗai ya isa a kore ka da hujja, kuma nas na iya samun kanta a gaban NMC, hukumar da ke yi wa nas-nas rajista da ladabtar da su. Sai naɗar murya a ɓoye. Kotu na iya karɓarta, amma kamfanoni da yawa sun sa ta cikin laifuffukan da ake hukunta ma'aikaci a kansu, kuma tana iya rage maka diyya. Gara ka nemi izini a fili, in an hana ka rubuta da hannu, sannan bayan taron ka aika imel: ga abin da na fahimta an faɗa, in akwai gyara a sanar da ni. Shirun da suka yi ya zama hujja.

Sai zancen gwadawa. A ƙarar wariya kai tsaye, sashe na 136 ya ce kai za ka fara kawo abubuwan da za su sa kotu ta ga alamar wariya, sannan nauyi ya koma kan kamfani ya wanke kansa. Shari'ar Efobi da Royal Mail ta 2021 darasi ce a nan. Ɗan asalin Najeriya ne mai raba wasiƙu, yana da takardun ilimin kwamfuta, ya nemi guraben aiki sama da 30 a cikin kamfanin bai samu ko ɗaya ba. Kowa ya ji zai ce da walakin. Amma bai kawo wa kotu bayanin su wa aka ɗauka ba, mene ne jinsinsu, ko waɗanda suka tace takardun sun ma san shi baƙi ne, sai wannan ɓangare na ƙararsa ya faɗi har a Kotun Ƙoli. Cewa "ni baƙi ne kuma an hana ni" bai isa ba, sai da ɗan wani abu a kai. Don haka ka lura: wa aka ba, yaushe ya zo, me ya fi ka da shi, wa ya yi irin kuskurenka aka ƙyale shi, wane dalili aka ba ka jiya da ya sauya yau.

Kana da damar neman duk bayanan da kamfani ke riƙe da su a kanka a ƙarƙashin dokar kare bayanai, har da imel ɗin da manajoji suka yi ta aika wa juna da sunanka. Kyauta ne, kuma a ƙa'ida wata ɗaya gare su su amsa. Sau da yawa a nan ake tsintar abin da ba a faɗa a gabanka ba.

Mataki na uku: kada ka tsaya kai kaɗai

In ba ka cikin ƙungiyar ƙwadago, ka shiga tun kafin wuta ta tashi: UNISON, GMB, Unite, ko RCN ga nas-nas. Galibinsu ba sa ɗaukar nauyin shari'ar matsalar da ta riga shigarka, don haka wanda ya jira sai an kira shi taron ladabtarwa ya makara. Shawara kyauta kuma akwai ta a layin ACAS, hukumar sulhu tsakanin ma'aikata da kamfanoni, 0300 123 1100, da ofisoshin Citizens Advice, da cibiyoyin lauyoyi na unguwa da ake kira Law Centres, da hukumar ba da shawara kan daidaito ta EASS. Mai ƙaramin ƙarfi na iya samun tallafin lauya na gwamnati a kan shari'ar wariya. In kana da inshorar gida ko ta mota, duba takardar, wani lokaci akwai kuɗin lauya a ciki ba ka sani ba. Shawarar biza kuwa ka neme ta wurin wanda ke da rajistar ba da ita, ba wurin ɗan'uwa da ya riga ka zuwa da shekara biyu ba.

Mataki na huɗu: ƙorafi a rubuce

Ƙaramin abu na iya mutuwa da magana ta fatar baki, musamman in abokin aiki ne da bai san ya yi ba daidai ba. In abin ya maimaitu, ko babba ne, ko daga sama yake, sai takarda. Ka duba littafin ƙa'idoji ka ga wa ake kai wa. In shi ne mai laifin, ka kai wa na sama da shi ko sashen kula da ma'aikata. A kan takardar ka rubuta "formal grievance", wato ƙorafi a hukumance, don kada a ce hira ce kuka yi.

Ga inda kunyarmu ke cutar da mu. Mutum zai cika shafi uku yana cewa ba a kyauta masa ba, ana matsa masa, amma ya kasa furta cewa saboda launinsa ne, wai kada a ce ya cika fitina. To in ba ka furta ba, takardar ba ta zama abin da sashe na 27 ke karewa ba, kuma in aka huce a kanka daga baya ba ka da ƙarar bi-ta-da-ƙulli. Jimla ɗaya ta isa: na yi imani an yi mini haka ne saboda jinsina, kuma hakan ya saɓa wa Equality Act 2010. Sauran takardar ta zama jerin abubuwan da suka faru da ranakunsu, da shaidu, da abin da kake so a yi: a bincika, a raba ka da wane, a gyara jadawali, a biya ka sa'o'in da ka rasa. Ban da zagi, ban da wa'azi.

Za a kira ka taro. Doka ta ba ka damar zuwa da abokin aiki ko wakilin ƙungiya, kada ka shiga kai kaɗai. Ka nemi kwafin abin da aka rubuta a taron ka gyara inda aka karkatar. In hukuncin bai yi maka ba, ka ɗaukaka ƙara a cikin kwanakin da suka ba ka, ko da ka san ba abin da zai sauya. Dalili kuwa, kotu na iya ƙara diyya har kashi 25 cikin 100 in kamfani ya yi watsi da ƙa'idar ACAS ta sauraron ƙorafi, tana kuma iya rage taka da kashi 25 in kai ne ka tsallake.

Kamfani ne ke ɗaukar alhakin abin da ma'aikacinsa ya yi a bakin aiki, ko da bai sani ba, har da abin da ya faru a walimar ƙarshen shekara ta ofis. Mafitarsa ɗaya ce, ya nuna ya ɗauki duk matakan da suka dace don hana faruwar hakan, kuma horon da aka yi shekaru da suka wuce aka manta ba ya wadatarwa. Shi ma wanda ya yi abin ana iya haɗa sunansa a ƙarar.

Wanda ke zaginka in majinyaci ne, ko tsohuwa mai ciwon mantuwa, ko ɗanta da ya ce ba ya son baƙar fata ta taɓa uwarsa, lamarin ya ɗan bambanta. An cire sashen da ke ɗora wa kamfani alhakin mutanen waje a 2013, sabuwar dokar haƙƙin ma'aikata ta 2025 kuma ta tanadi dawo da shi. Ko ma dai yaya, ka cike takardar rahoton aukuwa kowane karo, ka nemi a rubuce matakin da za a ɗauka. In kamfani ya biye wa mai gidan ya cire ka ya kawo Baturiya, kai kuma sa'o'inka suka ragu, wannan wariyar kamfanin ce da kansa. Duka ko barazana kuwa maganar 'yan sanda ce, 999 in abin na faruwa, 101 in ya wuce.

Mataki na biyar: lissafin kwanaki

Wata uku ba kwana ɗaya, daga ranar da abin ya faru. In ranar 10 ga Maris aka yi, to 9 ga Yuni ce ranar ƙarshe da za ka tuntuɓi ACAS. In abu ne da ya yi ta ci gaba, ana ƙirgawa daga na ƙarshe, amma kamfani zai yi gardamar cewa abubuwa ne daban-daban, don haka ka yi lissafi daga mafi tsufan abin da kake son kotu ta duba in zai yiwu. Dokar 2025 ta tanadi mai da wa'adin wata shida, amma kai dai ka riƙe wata uku, ba abin da za ka rasa.

Babban tarkon shi ne wannan: ƙorafin cikin gida ba ya tsayar da agogo. Za a ce mai binciken ya tafi hutu, a ɗage taro, a ce ana jiran wani shaida, kana ta godiya ana ta ba ka haƙuri, kafin ka farga wata huɗu sun shuɗe. Ba sai ka jira sakamako ba. Alƙali na da ikon karɓar ƙarar da ta makara in ya ga adalci ne, amma alfarma ce, ba haƙƙi ba.

Mataki na shida: kada ka ajiye aiki cikin fushi

Ga mai bizar da ke ɗaure da kamfani, idan aiki ya ƙare kamfanin zai sanar da ma'aikatar cikin gida, ita kuma a al'ada takan rage izinin zamanka zuwa kwana 60, ko abin da ya rage in bai kai haka ba. Cin nasara a kotu ba ya mayar da biza. Saboda haka tsarin da ya fi hankali shi ne ka nemi sabon mai ɗaukar nauyi a natse, ka sami takardarsa, ka sauya biza, sannan ka tafi. Kana iya shigar da ƙara kana cikin aikin, kana iya shigarwa bayan ka bari, in dai kana cikin wa'adi. In tsohon kamfanin ya ɓata maka takardar shaida don ka yi ƙorafi, wannan ma sabon laifi ne.

In abin ya fara taɓa lafiyarka, ba barci, gaba na faɗuwa in ka tuna duti, je ka ga likitanka ka gaya masa dalilin, a rubuta. Mu ba mu saba kai irin wannan asibiti ba, amma wannan rubutun shi ne zai nuna wa kotu girman abin da ya same ka.

Mataki na bakwai: ACAS, sannan kotu

Ba a zuwa kotun ƙwadago sai an bi ta ACAS, hukumar sulhu. Fom ne gajere a intanet, kyauta. Daga ranar da ka cike agogo ya tsaya. Jami'i zai kira ka, in ka yarda ya tuntuɓi kamfani a gwada sulhu. Ba alƙali ba ne kuma ba lauyanka ba ne. In ba a daidaita ba, ko ba ka son sulhun, zai ba ka takardar shaida mai lamba. In ka tuntuɓe su cikin wa'adi, kana da aƙalla wata ɗaya daga samun takardar ka shigar da ƙara. Ka rubuta sunan kamfanin daidai yadda yake a kwantiragi ko takardar albashi, domin sunan da ke kan allon ƙofar gidan tsofaffi sau da yawa ba shi ne na rajista ba. Ana dubawa kyauta a shafin Companies House, hukumar rajistar kamfanoni. Duk wanda za ka yi ƙara, har da manaja, ka ba ACAS sunansa.

Fom ɗin ƙara sunansa ET1. Ba a biyan ko kwabo, tun da Kotun Ƙoli ta soke kuɗin shigar da ƙara a watan Yulin 2017 a shari'ar da UNISON ta kai. Ka zayyana komai bi da bi da ranaku, ka nuna wanne ne wariya, wanne cin zarafi, wanne bi-ta-da-ƙulli, domin ƙara sabon zargi daga baya sai da izinin alƙali. Kamfani na da kwana 28 ya mayar da amsa. Daga nan akwai zaman share fage, musayar takardu, lissafin asarar da ka yi, da rubutattun bayanan shaidu. Sauraron ƙarshe na iya kai shekara ko fiye kafin ya zo. Ba dole sai da lauya ba, kuma in kana son tafinta kotu za ta samo kyauta, ka dai nema da wuri. A al'ada kowa shi ke biyan lauyansa ko ya ci ko ya faɗi, sai in alƙali ya ga an yi ƙarar banza ko an yi rashin gaskiya. Ka kuma sani ana wallafa hukunce-hukuncen a intanet da sunayen masu ƙara.

Kuɗin da sulhun

Diyyar wariya ba ta da rufi. Akwai asarar albashi, ta baya da ta gaba, kuma ana sa ran ka nuna ka nemi wani aikin, don haka ka adana shaidar duk inda ka nema. Sannan akwai diyyar ɓacin rai, wadda ake aunawa da matakai uku da ake kira Vento. Ga alƙaluman da aka sa a Afrilun 2025: fam 1,200 zuwa 12,100 ga abu ɗaya ko mara tsanani, 12,100 zuwa 36,400 ga matsakaici, 36,400 zuwa 60,700 ga tsangwama mai tsawo da muni. Ana sabunta alƙaluman duk Afrilu. Kada ka bari labarin miliyoyi da ake yaɗawa ya ruɗe ka, mafi yawan waɗanda suka ci suna matakin farko ne ko na biyu.

Yawancin ƙararraki ba sa kaiwa gaban alƙali, sulhu ake yi. In ta hannun ACAS ne, yarjejeniyar COT3 ce, kuma tana ɗaure ka da zarar ka ce ka amince, ko da a waya ne, kafin ma sa hannu; kada ka ce "to" sai ka ga rubutun ka kwana a kansa. In kamfani ne ya kawo tasa takardar sulhu, ba ta da ƙarfi sai lauya ko wakilin ƙungiya mai izini ya yi maka bayaninta, kuma galibi kamfanin ke biyan kuɗin wannan. Ban da kuɗi, ka sa a rubuta irin takardar shaidar da za su ba sabon wurin aikinka, kalma da kalma, da ranar da aikin zai ƙare a hukumance, domin ga mai biza 'yan makonnin nan na iya fin kuɗin amfani.

In an yi shari'a ka faɗi, kwana 42 gare ka ka ɗaukaka ƙara, kuma sai a kan kuskuren doka, ba don alƙali ya gaskata shaidarsu ya bar taka ba. In ka ci, kotu ba ta karɓo maka kuɗin da kanta. Kamfanin da ya ƙi biya ana kai rahotonsa ga gwamnati ta ci shi tara, a Ingila da Wels kuma ana iya tura masa jami'an karɓar bashi na babbar kotu. Ƙananan kamfanonin kula da tsofaffi kan rushe su sake buɗewa da sabon suna, don haka tun ranar cike fom ɗin ACAS ka yanke shawarar ko za ka haɗa da sunan mai kamfanin ko manajan da ya aikata abin, domin hukuncin da aka yanke a kan mutum yana binsa ko kamfanin ya mutu.